Sabuwar Na'ura, Sabuwar Kalma

Ɗalibai, ku dubi sunan garinmu. Kalmar "tasha" aro ce daga Turanci, ta shigo tare da jirgin ƙasa. Layin dogo daga Kano ya kai Nguru a 1930, ya kuwa bi ta Gagarawa. Haka abin yake kullum: kowace sabuwar na'ura takan zo da kalmominta.

Hausawa suna karɓarsu ta hanya uku. Ta fari ita ce aro. Tun da MTN da Econet suka fara aikin wayar salula a Nijeriya a 2001, muka sami caji, data, da filashin, wato ka kira ka katse domin a kira ka. Ta biyu ita ce ƙirƙira, kamar wayar tafi-da-gidanka da saƙon kar-ta-kwana. Ta uku ita ce a ba tsohuwar kalma sabon aiki. Yanar gizo dā saƙar gizo-gizo ce kawai. Manhaja kuwa tsarin karatun makaranta ce kafin ta shiga cikin waya.

Wani yaro yakan ji kunyar kalmar Hausa, wai ta ƙauyawa ce. To, ku lura. Tsohuwar da aka ce da ita "PIN" tana iya faɗa wa ɗan damfara lambarta, ya kwashe kuɗinta. Amma in an ce "lambar sirri", sunan kansa ya gargaɗe ta.

Aikin hutu: rubuta kalmomin waya goma da ka ji a kasuwar Maigatari, ka nuna ta wace hanya kowace ta shigo.