Turbo Na Fito, Mota Na Hayaƙi

Tambaya: Tsohuwar motata mai turbo tana fito da shuɗin hayaƙi, ga rashin ƙarfi a hawan Jos. Mene ne abin yi? Direba, Yelwa, Bauchi.

Amsa: Malam, shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, wataƙila sandar turbo ta saki. Tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, baƙin mai kaɗai ke kare ta. Ƙurar hunturu kuma tana cinye fukafukan turbon idan matatar iska ta yage. Bakanike ya taɓa sandar. In tana lilo sosai, a sauya cikin turbon, a wanke bututun mai. Sayen turbon hannu na Beljiyam kam caca ne. Bayan doguwar tafiya, bar injin ya yi minti 2 kafin ka kashe.