Yadda Wayar Hannu Ke Taimakawa Wajen Gano Sabon Nau'in Laiken

Matashin da ke zuwa gona a Rogo, ko yake kewaya bakin madatsar ruwa ta Challawa a Ƙaraye, yana wuce wani abu mai kama da tabo a jikin dutse ko ɓawon ɗorawa. Wani toka-toka ne, wani kuma ruwan ɗorawa. Masana na kiransa laiken. Halitta biyu ce a jiki ɗaya: funfuna da ke ba da mafaka, da gansakuka da ke haɗa abinci daga hasken rana. An san kusan nau'i 20,000 a duniya, kuma har yanzu ana gano sababbi. Idan aka sare bishiya don itace ko gawayi, laiken ɗin jikinta ya tafi tare da ita, ko da ba a taɓa rubuta sunansa ba.

Ga yadda za a adana bayaninsa da waya:

1. A kunna GPS kafin a buɗe kyamara. Hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba, amfaninsa kaɗan ne.
2. A ɗauki hoto uku: bishiyar ko dutsen gaba ɗaya, laiken ɗin dukansa, sai na kusa-kusa da tsarin makro.
3. A ajiye tsinken ashana a gefe don a gane girmansa.
4. A guji filasha. Hasken safiya ya fi fito da ainihin launi.
5. A rubuta ko a bushe yake ko a jiƙe, domin ruwa na sauya masa launi.
6. A ɗora a manhajar iNaturalist, inda masu ilimin fannin ke dubawa.

Sai dai sunan da manhaja ta bayar hasashe ne kawai. Kafin a amince da sabon nau'i, sai masana sun duba shi da madubin ƙara girma, galibi har da gwajin sinadarai da na DNA. Dole a ajiye samfurinsa a ɗakin adana tsirrai, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a wallafa bayaninsa da Latin ko Ingilishi. Tun daga 2013 kuma, sai an yi wa sunan rajista a rumbu irin MycoBank.

Idan masani ya nemi samfur, a ɓamɓaro kaɗan a sa a ambulan ɗin takarda. Leda na riƙe danshi, sai ya ruɓe.