Yaron da ba ya amsa kira

A garuruwanmu akwai yaran da suka kai shekara 3 ba su fara magana ba. In an kira sunansu ba su waiwayowa, alhali suna ji. Ba su haɗa ido da mutane, sai su wuni suna jujjuya abu guda. Wasu kan ce iskoki ne, har a ɗaure yaro. Ba iskoki ba ne. Likitoci na kiran wannan hali otizim. Daga ƙwaƙwalwa yake, ba a ɗaukarsa, kuma allurar rigakafi ba ta kawo shi.

A shekarar 2007, Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaida 2 ga Afrilu ranar faɗakarwa a kansa. A Amurka, ƙungiyar Autism Speaks ta haɗa kai da manyan kamfanoni. Shagunan Toys R Us sun riƙa karɓar gudummawar masu saye, kuma tun 2010 ake haska manyan gine-gine da shuɗiyar fitila. Kamfani ya samu suna, ƙungiya ta samu kuɗi. Sai dai masu otizim da kansu sun koka cewa kaɗan ne ya isa ga iyalai.

Saboda haka, in kamfani ya zo mana da riguna da hotuna, mu tambaye shi: malamin lakkol nawa za a horar?

A gida kuwa, mu fara kai yaron likita a duba kunnensa. Mu yi masa magana da gajerun kalmomi, muna nuna abin da hannu. Kada mu doke shi, kada mu ɓoye shi ɗaka.