Wace bishiya mai 'ya'ya ce ta dace da bonsai?

Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto cewa ya ga hotunan ƙananan bishiyoyin bonsai ɗauke da 'ya'ya, yana so ya gwada da mangwaro, sai dai bai san inda ake sayar da irin ba.

Madalla da wannan tambaya, ɗan'uwa. Bonsai ba shi da wani iri na musamman. Bishiya ce kamar kowace, sai dai an raine ta a kasko marar zurfi, ana rage mata saiwa, ana datse rassanta, ana lanƙwasa su da waya, har ta tsufa ba ta yi tsawo ba. A ƙasar Sin aka faro sana'ar, mutanen Japan suka ɗauka suka ƙware a kanta.

Ga abin da ya kamata ka riƙe kafin ka zaɓa: datsewa tana iya ƙanƙantar da ganye, amma ba ta taɓa girman fure ko na 'ya'ya. Idan mangwaronka ya haihu a kasko, cikakken mangwaro zai haifa, reshen da bai fi yatsa kauri ba kuwa ba zai iya ɗaukarsa ba. Ga ganyen nan dogaye da za su rufe gangar jikin baki ɗaya. Don haka ka bar mangwaro a lambu, ka nemi bishiyar da Allah ya yi ta da ƙananan ganye da ƙananan 'ya'ya.

Ni dai rumman nake fara ba mutum. Yana son rana, yana jure zafi, reshensa yana kamawa idan an yanka an dasa, kuma akwai gajeren nau'insa da ake kira Nana, mai jan fure da 'ya'ya ƙanana. Sai tsamiya, wadda masu bonsai a Indiya da Tailan suke ji da ita. Dubi ganyenta siri-siri, da ɓawon jikinta mai tsattsagewa, wanda ke sa 'yar bishiya ta yi kama da tsohuwar tsamiyar bakin kasuwa. Sai dai tana son haƙuri, domin wadda aka shuka daga ƙwallo takan yi shekara 6 zuwa 8 kafin ta haihu, a kasko ma takan wuce haka. Lemun tsami da magarya su ma suna yi, amma lemun ka sayi ɗan aure a wurin masu dashe, ya fi saurin haihuwa.

Tuffa da kake yawan gani a hotunan Japan da Turai tana buƙatar doguwar hutawa cikin sanyi mai tsanani kafin ta yi fure, hunturunmu bai kai nan ba.

Ka tabbata kaskon yana da huda a gindi, ka cakuɗa yashi mai tsakuwa da taki, ka ajiye shi a tsakar gida inda rana take samunsa. Da bazara ƙasar kan bushe da wuri, sai ka duba ta safe da yamma. In bishiyar ta fara haihuwa, ka cire yawancin 'ya'yan tun suna ƙanana, ka bar biyu ko uku, kada su shanye ƙarfin bishiyar.