Kwaɗon Acca a Bazara: Lemun Tsami Ba Ya Gyara Abincin da Ya Wuni a Kula

Duk shekara da zarar bazara ta kankama, ƙorafi ɗaya ake kawo mini: an ci kwaɗon acca ko na kuskus da yamma, cikin dare yara da manya suka kama amai. Uwargida kuwa ta riga ta ɗora laifin a kan latas ko kokwamba. In na tambayi yaushe aka turara accar, sai a ce tun da hantsi. Ina aka ajiye ta? A kula, kuma ai an matsa mata lemun tsami.

Wannan zance na lemun tsami shi ke ɓata mini rai. Ana ta yaɗa shi a WhatsApp wai tsaminsa na kashe kowace ƙwayar cuta. Ba gaskiya ba ne. Hatsi, shinkafa ce ko acca ko alkama, yakan zo daga gona ɗauke da ƙwayar cutar Bacillus cereus, wadda ke ɓuya cikin ƙwanso mai taurin da dahuwa ba ta kashe shi. Idan dafaffen hatsi ya jima da ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo, ta hayayyafa, ta zuba dafi a ciki. Dafin nan ko wuta ba ta karya shi, balle lemun tsami. Ki sake ɗumamawa har tururi ya tashi, yana nan daram. Sau da yawa ba wari ba yami, saboda haka sansanawa ba ta wanke abincin daga zargi. Amai kan fara cikin awa 1 zuwa 6.

Ƙa'idar masana ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje, in kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 tak. A Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri yana wuce 40. Kular da muke taƙama da ita, in abinci ya huce a cikinta, ɗumin da ƙwayar ke so take tsare mata.

Ga yadda za ki yi. Ki rege accarki sosai don yashi, ki turara ta a madambaci har ta yi washar-washar. Tana sauka ki baza ta a faffaɗan tire ta sha iska, kada ki rufe. Kafin ta huce kin wanke tumatir, albasa, kokwamba da karas da ruwa mai tsabta, kin yanka, kin tafasa zogale kin matse. Ki haɗa da garin ƙuli-ƙuli, ɗan man gyaɗa, gishiri da yaji. Lemun tsami ki sa shi don daɗi. Bama ki bar ta sai an sami sanyi, nauyi kawai take ƙara wa kwaɗon.

Ragowar sai firij nan take, a cinye washegari. In wutar unguwarku ba tabbas, ki dafa daidai cikin mutanen gidan. Masu kai kwaɗo wurin biki tun safe, a raba bayan la'asar, ku ji tsoron Allah ku daina.

Wanda amai ya kama a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Ƙaramin yaro, tsoho ko mai juna biyu da ya kasa riƙe ruwa, a garzaya da shi asibiti. Acca ba ta ɗaukar lokaci wurin dahuwa, don haka ki turara ta dab da lokacin ci.