Taya Amana Ce: Nasiha Ga Matasan Direbobinmu

'Ya'yana, yanzu ku ne masu riƙe da sitiyari a gidajenmu. In Sallah ta zo, ko biki ya taso a Kano ko Nguru, ku ake miƙa wa makulli, a haɗa ku da iyaye mata da ƙanne, a cika bayan mota da shinkafa da bandar kifi. Wasunku kuma bayan girbi suna jan tirelar tarakta daga fadamun Auyo ko Guri. Duk nauyin nan, na kaya da na rayuka, a kan taya yake, alhali abin da ke taɓa ƙasa a tayar ƙaramar mota bai wuce faɗin tafin hannu ba. Shi ya sa nake so ku ba ni aron kunnuwanku.

Fashewar taya a hanya, tun daga gida take farawa. Ku durƙusa ku duba gefenta, za ku ga lamba huɗu a ƙarshen jerin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kun ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, kuma tayar gwanjo takan zo da zane mai kyau alhali cikinta ya gaji. Na san halin da aljihu yake ciki, amma araha ba ta ado. Tayar da ta tsattsage a gefe, ko ta yi ƙulu, ko zanenta ya shafe, kada ku ɗora mata iyali.

Sai iska. Ku auna da safe kafin taya ta ɗauki zafi, kuma ku bi adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ba bugun ƙafa ba. Wasu kan rage iska da bazara wai don kada ta fashe. Wannan kuskure ne. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a kowane juyi, zafi ya taru a cikinta. Ku haɗa wannan da lodi, da ranar Afrilu da kan haura digiri 40 a ƙasar Haɗeja, ga gudu a hanyar Gujungu, to an gama haɗa fitina. Safaya ma a auna ta, domin sau da yawa sai buƙata ta taso a tarar ta sace.

Mai jan tirela, ɗana, ka sani tayoyinta su aka fi mantawa da su. Takan yi watanni a ajiye cikin rana, sannan a ɗora mata buhuna fiye da ƙarfinta. Ka sa mafi nauyin kaya gaba da tayoyin kaɗan, domin in nauyi ya koma baya sai ta riƙa lilo. Kuma ina roƙonka, kada ka ɗora yara a saman buhuna.

Hanyoyinmu ma sai da lura. Ƙasarmu ƙasar ruwa ce, kuma kun ga yadda ambaliyar 2022 ta cinye hanyoyi a Jigawa. Ramin da ruwa ya rufe ba a sanin zurfinsa, bakin kwaltar da ya zaizaye kuma yana yanka gefen taya, wurin da faci ba ya riƙewa.

In ƙaddara ta faɗa, taya ta fashe ana cikin gudu, ƙafarka za ta so taka birki. Ka hana ta. Riƙe sitiyari da hannu biyu, ka miƙar da mota, ka sassauta totur a hankali. Sai gudu ya ragu sannan ka taɓa birki sannu, ka gangara gefe inda ake hango ka daga nesa, ba a kwana ko kan gada ba.

Kafin ka ɗauko jak, fara da mutane. Kowa ya fita ta ɓangaren da ba na titi ba, a kai Hajiya da yara inuwa nesa da kwalta, a ba su ruwa. Ka ajiye alamar gargaɗi can baya. In ganye ka zuba, ka kwashe shi in ka gama. Ja birkin hannu, ka tokare taya da dutse. Gefen hanyoyinmu yashi ne ko laka, don haka kada motarka ta rabu da guntun katako mai kauri na ɗora jak. Sassauta notuna tun mota na ƙasa, kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak, kuma in za ka ɗaure ka bi su a gicciye. Bayan tafiyar kilomita 50 ka sake ɗaurewa, sannan a garin farko ka kai wa mai faci wadda ta lalace. In abin ya fi ƙarfinka, lambar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ita ce 122.

Za a ce maka an makara, ana jira a gidan biki. Ka ba da haƙuri cikin ladabi, amma kada ka ƙara gudu a kan safaya. Mahaifiyar da ta shiga motarka ba ta duba taya ba, da kai ta yarda. Ka yi naka tun kafin a tashi, sannan ka yi addu'ar tafiya da natsuwa. Allah Ya yi muku albarka, Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya.