Shawara Ga Matafiyi Game Da Risho Mai Famfo

Duk wanda ya ƙudura niyyar tafiya mai nisa cikin daji ko bisa duwatsu, inda itace ya yi ƙaranci, tukunyar gas kuma ba ta samuwa, lalle ya nemi risho mai famfo, irin wanda aka fara ƙerawa a ƙasar Suwidin da sunan Primus a shekarar 1892, domin kuwa kananzir ya fi gas sauƙin samu a ƙauyuka. Akwai masu cin kananzir da fetur duka biyu, amma a ganina kananzir ya fi aminci, saboda tururin fetur yana kama wuta tun daga nesa.

Hikimar aikinsa ita ce, man ba ya ci sosai sai ya zama tururi. Saboda haka wajibi ne a fara zafafa kan rishon da ɗan sifirit a cikin ƙoƙon da ke ƙarƙashinsa, a yi haƙuri har sifirit ɗin ya kusa ƙonewa, sa'an nan a buga famfo. Mai gaggawa zai ga jar wuta tana tashi da baƙin hayaƙi, alhali shuɗiyar wuta mai ruri ita ce alamar lafiya. Idan ƙaramar kafar da tururi ke fita ta toshe, a tsokace ta da siririyar wayar da aka tanada dominta, kada a sa allura, don tana faɗaɗa kafar. A riƙa tace kananzir, a kuma shafa wa fatar famfo mai, kada ta bushe.

Ina gargaɗi ƙwarai kada a kunna shi cikin rufaffen tanti, komai tsananin sanyi, domin yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kuwa halaka mutum yana barci.